Kifin Teku Cikin Gilashi: Baƙo Ya Tsaya A Zaure Tukuna

Daga Wakilinmu na Arewa

Kwanakin baya na gamu da wani saurayi ɗan unguwarmu a Kaduna wanda ya komo gida daga Ikko ba shiri, bayan ya shekara biyu yana aiki a wani babban otal. Aikinsa kuwa shi ne lura da wani makeken tankin gilashi da aka girke a wurin karɓar baƙi, cike da ruwan gishiri da kifayen teku masu launi iri iri, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa. Shi ke ba su abinci, shi ke goge gilashin, shi ke sake musu ruwa. Ya ce da ni har ya san halin kowane ɗaya daga cikinsu.

Wata Jumma'a aka kawo sababbin kifi guda 3 cikin leda, manaja ya ce a zuba su nan take domin ana sauraron manyan baƙi. Aka zuba. Bayan kwana biyar ko shida sai ya ga 'yan ɗige-ɗige farare kamar an barbaɗa gishiri a jikin ɗaya daga cikin sababbin. Ya faɗa, aka ce a dakata a gani. Kwana biyu ɗige-ɗigen suka ɓace, kowa ya ce alhamdu lillahi. Ba a yi mako biyu ba sai ga su sun komo, wannan karo a jikin kowane kifi, tsoho da sabo. Kifaye suka bar cin abinci, suna goga jiki a duwatsu, suna haki a saman ruwa, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Aka ce shi ne ya yi sakaci da tsabta, aka yanke masa albashi, sa'an nan aka sallame shi.

To, jama'a, an bar jaki ana dukan taiki. Na ga ya kamata in bi diddigin wannan al'amari, domin akwai 'yan'uwanmu da dama a Ikko da Abuja da Fatakwal waɗanda ke aiki a otal-otal da gidajen masu hali, kuma sau da yawa su ake ɗora wa wannan aiki ba tare da an koya musu kome ba. In kifi ya rayu, yabo na maigida ne. In ya mutu, laifi na yaron gida.

Abin Da Ke Zuwa Tare Da Baƙon Kifi

Da farko dai ya kamata mai karatu ya san daga inda kifin nan yake fitowa. Yawancin kifin ado na ruwan gishiri ba kiwonsa ake yi ba, kamo shi ake yi daga cikin duwatsun murjani na teku, musamman a Indonesiya da tsibiran Filifin. Daga hannun masunci ya faɗa hannun dillali, daga nan zuwa ga mai fitarwa waje, a ƙulle shi cikin leda da ɗan ruwa da iskar shaƙa, ya yi yini da kwana ko fiye a jirgin sama. A kowane zango kuwa ana gama shi da waɗansu kifaye cikin ruwa ɗaya. Kafin ya iso ya gaji, ya tsorata, ƙarfin jikinsa ya ragu, kuma ba mamaki ya ɗauko wata cuta a hanya.

Ɗige-ɗigen nan da saurayin ya gani aikin wata 'yar halitta ce wadda ba a ganin siffarta sai da madubin likita. Masana na kiranta Cryptocaryon irritans, sunan da wata masaniya Ba'ingiliya, Eleanor Brown, ta sa mata a shekarar 1951. Wanda ya fahimci yadda take rayuwa ya fahimci rabin wannan sana'a.

Takan shiga ƙarƙashin fatar kifi da cikin mashaƙarsa, watau jan naman nan da ke ƙarƙashin marfin kumatunsa, ta yi kwana 3 zuwa 7 tana ci. In ta ƙoshi sai ta saki kifin ta faɗa ƙasa, ta manne a yashi ko dutse ko gilashi, ko ma a jikin raga da soso, ta yi wa kanta ƙwanso mai tauri. A wannan lokaci ne ɗige-ɗigen ke ɓacewa, mutane su ce kifi ya warke, alhali kuwa cutar ƙasa ta sauka don ta hayayyafa. A cikin ƙwanson takan rarrabu, guda ɗaya ta zama ɗari biyu ko ma fiye. Yawanci tsakanin kwana 3 da kwana 28 ƙwanson yakan fashe, amma an taɓa ganin wanda ya kai kwana 72 kafin ya fashe. 'Ya'yan su fito suna iyo suna neman kifi, in ba su samu ba cikin kwana ɗaya ko biyu su mutu.

A teku, inda ruwa ba iyaka, kaɗan ne daga cikinsu ke dacewa da kifi. A cikin gilashi kuwa kifi ba shi da wurin gudu. Ga shi kuma magani ba ya taɓa ta sa'ad da take cikin fata, ba ya taɓa ta cikin ƙwanso, sai a 'yan sa'o'in nan da take yawo a ruwa. Shi ya sa jiyyarta ke cin makonni.

Akwai wata da ta fi wannan mugunta, Amyloodinium, wadda ke sa kifi ya yi kamar an busa masa ƙura. Ita mashaƙa take fara kamawa, tana iya share tanki cikin 'yan kwanaki tun kafin a ga wata alama a fata. Akwai kuma waɗansu tsutsotsi masu faɗi da ke manne wa fata da ido. Duk waɗannan ba datti ke haifar da su ba. Shigo da su ake yi, ko dai a jikin baƙon kifi, ko cikin ruwan ledarsa, ko a jikin jiƙaƙƙen kayan aiki.

Tankin Baƙi

Maganin abin ba sabo ba ne. Mai kiwon kaji da ya san aikinsa ba ya sayo kaza a kasuwa ya jefa ta cikin akurki ran nan. Tun a shekarar 1377 ma hukumar birnin Ragusa, wanda ake kira Dubrovnik yanzu, ta kafa dokar tsare matafiya daga wuraren annoba har kwana 30 kafin su shiga gari, daga baya a Benis aka mai da shi kwana 40. Haka nan mai kifi yake bukatar ƙaramin tanki na biyu inda za a killace kowane baƙo, ya zama masa kamar zaure, kafin a ce masa bismilla cikin gida.

Wannan tanki ba na ado ba ne, saboda haka ba ya cin kuɗi da yawa. Mai cin lita 40 zuwa 80 ya isa ga ƙananan kifaye. Ba a zuba masa yashi, ba a sa masa dutsen murjani. Dalili biyu ne: gindin da ba kome a kansa ya fi sauƙin sharewa da ganin kashin kifi da ragowar abinci, sa'an nan dutse da yashin teku suna tsotse magani, har a rasa sanin nawa ya rage cikin ruwa. Amma kifin da ba shi da maɓoya tsoro kan hana shi cin abinci, don haka sai a jefa masa guntayen bututun roba irin na masu aikin famfo, sababbi, wankakku. A sa murfi, domin kifin da ya firgita yakan yi tsalle ya faɗo waje. Haske kuma ya zama kaɗan.

Ruwan ba da gishirin miya ake haɗa shi ba. Akwai gishiri na musamman da ake sayarwa domin wannan aiki, wanda ya ƙunshi sauran abubuwan da ke cikin ruwan teku. Kowace lita ta ruwan teku tana da gishiri kimanin giram 35, watau tanki mai lita 40 zai ci wajen kilo ɗaya da rabi. A dama shi a bokiti, a bar shi ya kwana yana motsi, a auna da ma'aunin gishiri, ya tsaya wajen 1.025. In mai sayarwa yana ajiye kifinsa a ruwan da bai kai haka gishiri ba, to a fara da irin nasa, a ƙara a hankali cikin kwanaki. Zafin ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27. A nan ƙasar zafi ya fi sanyi zama matsala, sai dai lokacin hunturu a Arewa. Wani abin da sababbin hannu ke mantawa shi ne, ruwa yana tafiya cikin iska amma gishiri ba ya tafiya. In ruwa ya ragu, ruwan daɗi tsabtatacce ake cikawa da shi.

Babban haɗarin sabon tanki shi ne amoniya, gubar da kifi ke fitarwa daga jikinsa. A tsohon tanki akwai waɗansu ƙwayoyi masu amfani da ke zaune a duwatsu da matata suna cinye ta. Sabon tanki ba shi da su, kuma mutane da yawa sun kashe kifi da amoniya suna tsammanin cuta ce ta kashe shi. Dabarar ita ce a ajiye soson matata cikin babban tanki, muddin lafiyayye ne, ya yi kamar wata guda ƙwayoyin nan su kama shi, ran da baƙo zai zo a ɗauko shi a sa a ƙaramin. Amma soson da ya shiga tankin baƙi ba ya komawa babba. A riƙa auna amoniya kowace rana, a kuma ajiye haɗaɗɗen ruwa a gefe domin a sake wani kashi da zarar an ga ta motsa. Famfon iska mai aiki da batir kuwa dole ne, gama kowa ya san halin wutar lantarki a ƙasar nan, kuma ruwan gishiri bai kai ruwan daɗi riƙe iskar shaƙa ba.

A girke tankin nesa da babban, aƙalla mita 3, ko ma a wani ɗaki dabam, domin feshin kumfa yana iya ɗaukar cuta. Ruwan ledar da kifi ya zo ciki ba a juye shi a tanki, kifin kaɗai ake tsamowa.

Sai zaman jira. Mafi ƙaranci kwana 30, masu taka-tsantsan kan kai mako 6. Safe da yamma a tsaya a dube shi sosai: yana ci? Numfashinsa ya yi sauri? Yana goga jiki? Idonsa ya yi hazo? In cuta ta ɓulla, ƙidayar kwanaki sabuwa ce bayan an gama jiyya. In kuma aka ƙara wani baƙo a tsakiyar zaman, nan ma an koma ranar farko. A ganina nan ne yawancin mutane ke faɗuwa. Sayen tanki ba wuya, amma mutum ya kashe kuɗi masu yawa kan kifi mai kyau sa'an nan ya ɓoye shi wata guda a bayan ɗaki, wannan sai mai haƙuri.

Game da magani, wanda aka fi sani shi ne na jan ƙarfe. Tsakanin abin da ke kashe cuta da abin da ke kashe kifi tazara kaɗan ce ƙwarai. A nau'insa na asali ana riƙe shi tsakanin miligiram 0.15 da 0.20 a kowace lita, amma kamfanoni suna haɗa shi iri dabam dabam da awo dabam dabam, don haka a bi abin da ke rubuce a kwalba, a ɗaga shi a hankali cikin 'yan kwanaki, kuma kada wanda ba shi da abin aunawa ya taɓa shi. Ba a zuba shi a babban tanki ko kusa, domin yana kashe murjani da jatan lande da ƙaguwa da dodon koɗi, ya kuma maƙale a duwatsu. Wata hanya ita ce rage gishirin ruwa a hankali zuwa 1.009, kimanin sulusin na teku, har wajen wata guda. Tana maganin farin ɗigo amma ba ta maganin mai kama da ƙura. Tsutsotsin fata kuwa, abin mamaki, da praziquantel ake kashe su, watau maganin nan da ake bai wa yara masu tsargiya a asibitocinmu.

Wanke Kayan Aiki

Duk wannan wahala za ta tashi a banza in raga ɗaya ake tsomawa nan a tsoma can. Ɗigon ruwa ya isa. Tankin baƙi sai ya sami ragarsa, da bokitinsa, da tiyonsa, da sosonsa, a ɗaura musu jan ƙyalle ko a shafa musu fenti a waje don kada a rikita. A fara aikin babban tanki tukuna, a ƙare da na baƙi, sa'an nan a wanke hannu a bushe shi.

Wanki iri biyu ne, kuma mutane kan gama su. Akwai na cire dasƙararren alli, akwai na kashe cuta.

Ruwan gishiri yana barin wani farin abu mai tauri, da wata gansakuka ruwan hoda mai kama da dutse, a jikin famfo da hita da bututu. In ya taru yakan riƙe 'yar farfelar da ke cikin famfo, wata rana a ɗauke wuta a kawo, famfo ya ƙi tashi. Tsami ne ke narkar da shi. A kwance famfon, a jiƙa shi cikin farin ruwan kal, watau binega, rabi da rabi da ruwa, na 'yan sa'o'i, ko kuma cikin garin tsamin lemo da ake sayarwa a kanti, a goge da tsohon buroshin haƙori, a ɗauraye. Kowane wata biyu ko uku ya isa. Kofin injin kumfa, wanda ke tara baƙin datti mai wari, shi kowane mako ake zubar da shi a wanke da ruwan ɗumi. Kafin a sa hannu a ruwa a cire fulogi daga soket, hita kuma a bari ta huce kafin a fitar da ita, in ba haka ba ta fashe. Ruwan gishiri da lantarki ba abokan wasa ba ne.

Amma tsami ba a dogara da shi wajen kashe cuta. Wannan aikin bilic ne, irin su Hypo ko Jik, wanda ba a sa masa turare ko sabulu ba. Kashi 1 na bilic, kashi 9 na ruwa, a jiƙa raga da bokiti da tiyo da guntayen bututu minti 15 zuwa 30. A ɗauraye har sai warin ya tafi sarai, a sa maganin kashe kulorin in akwai, sa'an nan a shanya su bushe ƙarau, kwana ɗaya ko biyu. Bushewar kanta makami ce, domin ƙwayoyin nan ba sa jure ta, kuma rana dai Allah ya hore mana ita. Soso da auduga da suka yi aiki a tankin mara lafiya ba su cancanci wanki ba, jefarwa ake yi.

Gargaɗi biyu. Kada a kuskura a gama bilic da ruwan kal ko wani tsami, ko a bokiti ɗaya ko ɗaya bayan ɗaya ba ɗauraya, domin suna fitar da iskar kulorin mai ƙone huhun mutum. Na biyu, sabulu da garin wanki ba sa kusantar kayan kifi. Bokitin da aka taɓa wanke daɓe da shi ya haramta. Haka nan maganin sauro na feshi, a ɗakin da tanki yake.

Shi ma mai aikin ya kula da kansa. Akwai ƙwayar cuta a ruwan kifi, dangin ta tarin fuka, mai shiga ta ƙaramin yanka a hannu ta zama ƙurji mai wuyar warkewa, don haka safar hannu ta roba ba ƙawa ba ce. Waɗansu irin murjani masu laushi kuma suna da dafi mai tsanani. A shekarar 2018, a yankin Oxfordshire na Ingila, mutum 10 aka kai asibiti, har da 'yan kwana-kwana 4, bayan wani mutum ya kankare irin wannan murjani daga dutse a cikin gidansa. Dutsen tanki ba a tafasa shi, ba a zuba masa ruwan zafi, ba a kankare shi a rufaffen ɗaki.

Ruwan da aka cire da ciyayin da aka tsige kuma ba a kai su rafi ko bakin teku. A 1984 aka fara ganin wata ciyawar tankin kifi mai suna Caulerpa a tekun Bahar Rum, a gindin gidan nune-nunen halittun ruwa na Monako, faɗinta bai wuce tabarma ba. Cikin shekaru kaɗan ta mamaye gaɓar ƙasashe da dama. Mutanen Ikko da suka ga yadda ciyawar nan mai shuɗin fure ta toshe hanyoyin ruwan Badagiri tun daga wannan shekara ta 1984 ba sa bukatar dogon bayani.

In An Riga An Makara

Saura tambaya ɗaya: in cutar ta riga ta shiga babban tanki fa? Amsar ba ta da daɗi. Sai a kwashe kifin duka, har waɗanda ake gani lafiyayyu, a kai su tankin jiyya. Babban tanki kuma a bar shi yana aiki, da ruwansa da famfonsa da murjaninsa, amma ba kifi ko ɗaya, har kwana 76, watau kwana 72 ɗin nan da 'yan kwanaki a kai. Kowane ƙwanso zai fashe, 'ya'yan su nemi kifi su rasa, su mutu. Kifi ɗaya tak da aka bari a ciki ya ɓata lissafin duka.

Na tambayi saurayin nan ko ya san abin da aka yi da tankin bayan tafiyarsa. Ya ce wani abokin aikinsa ya buga masa waya. An sake rabin ruwan, an goge gilashi tas, an ɗauki sabon yaro, kuma tun da ba a son baƙi su ga tanki fayau, bayan kwana goma aka sayo waɗansu kifayen aka zuba a kan yashin nan da duwatsun nan. Ran da abokin ya yi wayar, ya ce ya ga sabon yaron tsaye gaban gilashi tun da safe, yana nuna wa manaja wani abu fari a jelar kifi.